Tsinken Ƙafar Hansatu

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Utako ta ƙofar da ke kallon tashar mota, a shekarun nan da farar hula suka dawo mulki, kuɗi ya shigo gari, benaye suka riƙa tsirowa a Abuja ta ko'ina, to ya wuce ta gaban rumfar Manniru ko da bai san sunansa ba. Rumfa ce 'yar ƙarama, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Takalman yara kawai yake sayarwa. Ya rataye su da igiya tun daga rufin kwano har ƙasa, kambas da silifas da 'yan ƙwas-ƙwas na 'yan mata, in iska ta kaɗa sai su yi ta lilo, ka ce wasu yara ne ke tafiya a sama ba a ganinsu. Shi kuwa gogan yana zaune a kan benci a tsakiya, ya tallabe haɓa, ido a buɗe, hankali ya yi nisa. Sai ka maimaita sallama kafin ya dawo duniyarmu.

Mutumin Kukar Baƙo ne, wani ƙauye can bayan Malumfashi. Cirani ne ya kawo shi Abuja, da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma gona. Ya ɗauki kankare a ka har gashin tsakiyar kansa ya gudu, ya tura baro, daga baya ya fara yawo da takalma a kafaɗa yana bin layin masu jiran mota. A nan Allah Ya nuna masa hanyar abincinsa. Ya lura cewa mutanen da suka fi kowa son sayen takalmin yara ba su taɓa zuwa da yaran ba. Masu gadi ne, da 'yan ga-ruwa, da leburori, da masu yankan farce, waɗanda 'ya'yansu ke can ƙauye. Abin da suke zuwa da shi tsinke ne.

Wanda aka haifa a Maitama ba zai gane wannan ba, to bari a yi masa bayani. In Sallah ta ƙarato, uwar yara a ƙauye sai ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta sa yaro ya taka ƙasa, ta gwada daga dunduniya zuwa kan babban yatsa, ta karya. Kowane yaro da tsinkensa. Sai a ba wani mai zuwa birni ya kai wa uban. Uban kuma ya soke shi a naɗin hula ko ya ɓoye a aljihun gaba, ya lallaɓa shi kamar ƙwai, har ranar da zai zo gaban Manniru. Manniru zai zura tsinken cikin takalmi, ya tura yatsa ɗaya a bayansa, ya ce, "A bar wa ƙafa wurin girma, Malam. Tun ranar da aka karya tsinken nan yaron bai tsaya jiranka ba." Wannan magana ya faɗe ta ga mutane ba adadi, kuma yana jin daɗin faɗinta, har da gyara murya.

Maƙwabciyarsa a kasuwa wata mata ce mai suna Angela, 'yar wajen Kwali, mai sayar da manyan jakunkunan tafiya. Mace ce mai faɗa da dariya a numfashi ɗaya, Hausarta kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa yadda ya zo bakinta. Ita ta fara zuga shi. "Oga Manniru, kai ba ta san kasuwa ba," in ji ta. "Lokacin biki ya zo, kowa yana yi bonanza, kai kana zauna kana kallon sama. Abeg, tashi ka yi wani abu!" Ta yago murfin katan, ta sa aka rubuta masa da jan fenti, ta rataye a bakin rumfar. Shi kuma ya sayi 'yar lasifika mai batir. Daga wannan shekara, duk ƙaratowar Sallah ƙarama da babba, da Kirsimeti, sai ka ji muryarsa tana ratsa hayaniyar 'yan kamasho: "Garabasa! Garabasa! Kawo tsinke uku, biya na biyu! Na auta kyauta ne!"

Kai, abin ya karɓu! Dama Abuja ba garin yin Sallah ba ne, garin shirin tafiya Sallah ne. Ranar Idi kana iya shimfiɗa tabarma a tsakiyar titi ka yi barcinka. Duk cinikin da za a yi, a kwanakin da mutane ke tururuwa zuwa tasha ake yinsa. Mai 'ya'ya biyu sai ya aro tsinken ɗan ƙanensa don ya cika uku. Wani ma a gaban idon Manniru zai karya tsinken sakace ya ce na auta ne, Manniru ya yi kamar bai gani ba. Har ma'aikatan gwamnati suka ji labari, ka ga hajiya ta fito daga mota mai sanyi da katin ma'aikata a wuya, tana jan yara, tana cewa ita ma a yi mata garabasar. Yakan durƙusa ya sa wa yaran takalmi da hannunsa. Amma ransa ya fi kwanciya da masu tsinke.

Akwai wata ɗabi'a tasa da Angela ta yi ta yi masa tsiya a kanta. Ba ya yar da tsinke. A garinsu an hana barin awon ƙafar yaro a ƙasa, kada wani mugu ya tsinta ya yi abin da ba shi ke nan ba. Saboda haka da zarar ya gama gwaji, hannunsa da kansa yake jefa tsinken cikin wani babban gwangwanin madara da ke ƙarƙashin benci. "Ƙafar ɗan mutane ce," yakan ce, "ba zan bari a tattake ta a kwata ba." In kasuwa ta lafa da rana tsaka, sai ya jawo gwangwanin, ya zaro ɗaya, ya ɗora a tafin hannu. Shi ke nan, an rasa Manniru. Wannan gajeren, yana ganinsa, yaro ne mai ƙaton ciki a wani ƙauyen Zamfara, yana tafiya yana kallon ƙafarsa har ya yi karo da turmi. Wannan siririn yarinya ce mai kitso biyu a Gumel, ta cire takalmin ta riƙe a hannu don kada ya yi datti. Haka zai yi ta bin su gari-gari, yana shiga gidajen da bai taɓa gani ba, yana jin ƙamshin tuwon Sallarsu, sai Angela ta buga masa jaka a kafaɗa ta ce kwastoma na magana.

To shi ma fa yana da tasa ƙafar a Kukar Baƙo. Matarsa Turai tana can, da 'yarsu ɗaya, Hansatu. Da yake 'yar fari ce, kunya ba ta taɓa barin bakinsa ya furta sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa. Rabonsa da ita tun tana tafiya tana dafa bango. Ba don ya ƙi gida ba ne, wallahi, kuma ba a taɓa rasa hatsi a gidan ba. Kasuwa ce ta riƙe masa riga. Kafin Sallah ba a tafiya, lokacin ciniki ne. Bayan Sallah kaya sun ƙare, sai a tafi sari. Kafin ka juya an koma makaranta, iyaye na neman baƙin takalmi. Sai Kirsimeti, sai wata Sallar. Kullum cewa yake, "In wannan ta wuce." Shekaru suka yi ta wucewa, shi yana nan a kan benci. Waya ta shigo Abuja har mai tura baro na da ita, amma a Kukar Baƙo sai an hau dutse ake samun sabis, Turai kuwa ba za ta hau dutse ba. Abin da ke haɗa su Ilyasu ne, direban bas ɗan garinsu, mai jigila tsakanin Utako da Malumfashi. Duk Sallah zai kawo tsinke, ya koma da takalmi.

Sai aka shiga shekarar da Babbar Sallah da Kirsimeti suka zo kusan a mako guda. Tsofaffin 'yan kasuwa suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Manniru ya yi sari har rumfar ta ƙi rufuwa. A cikin kayan akwai wani sabon yayi, jan takalmi na 'yan mata mai wuta a dunduniya, in yarinya ta taka sai ya yi walƙiya. Ranar da ya buɗe katan ɗin ya daɗe yana danna ɗaya da hannu yana kallo. Kukar Baƙo ba lantarki. A ransa ya ga yarinyar nan ta fito bayan magariba za ta gidan kakarta, wuta na bin sawunta, ja, ja, ja, yaran unguwa sun biyo ta a guje, tsofaffi a bakin masallaci suna tambayar 'yar wane ce wannan. Ya ji ana cewa 'yar Manniru ce na Abuja. Wannan mafarki ya yi ta taunarsa kwana da kwanaki, har ya ware ja guda daga kowace lamba ya ɓoye a bayan kaya, yana jiran tsinke ya zo ya zaɓa.

Tsinken ya zo a ranar da ta fi kowace cika. Mutane sun yi dafifi a bakin rumfar, hannuwa a sama, kowane da tsinkaye, lasifika na rataye a wuyan Manniru, gumi na zuba. Ilyasu ya kutso ta tsakiyarsu, motarsa ta riga ta cika, fasinjoji na ta zaginsa. Ya zaro tsinke daga hularsa ya miƙa ta saman kawunan mutane.

"Malam Manniru, ga na gida!"

"Madalla, Ilya! Suna lafiya? Wane saƙo ta bayar?"

"Lafiya lau. Ta ce bana ba saƙo, tsinken ne kawai. Sai na dawo ɗaukar lodin ƙarshe!"

Ya juya da gudu. Manniru ya tsaya da tsinke a hannu, maganar ta ɗan soke shi, don kowace shekara Turai takan aiko a tambaye shi yaushe zai zo. Kafin ya gama juya ta a ransa wani mai gadi ya ja hannun rigarsa, wani ya tura masa takalmi a fuska yana neman babba. Hannun nan nasa, da ya saba aikinsa ba tare da an sa shi ba, ya sauka ƙarƙashin benci ya saki tsinken Hansatu cikin gwangwani.

Bai farga ba sai bayan la'asar, da mutane suka ɗan ragu. Ya laluba aljihu, ya cire hula ya kakkaɓe, ya duba bayan kunne. Sai ya kalli gwangwanin. Ya zazzage shi a kan buhu. Tsinkaye ne tuli, na bana da na bara da na shekarun baya, kuma tun lokacin hannunsa ya zuba wasu da yawa a kai. Duk launinsu ɗaya, duk daga tsintsiya suke.

Angela ta leƙo. Da ta ji abin da ya faru sai ta kwashe da dariya, ta ce wannan ai ƙaramin abu ne. "Kai da kake duba yaro sau ɗaya ka san lambanta? Yarinyar naka, tsawonta ya kai ina?"

Manniru ya miƙa hannu zai nuna. Hannun ya tsaya daidai gwiwarsa. Ya san ba haka ba ne, sai ya ɗaga shi zuwa ƙugu. Ya sake saukar da shi kaɗan. Hannun ya yi ta yawo a iska, sama da ƙasa, ya rasa inda zai tsaya. Angela ta daina dariya.

"Na bara fa? Wane lamba ka aika?"

Bara ma a cikin irin wannan turmutsutsu ya zura tsinke, ya ƙulle leda, ya miƙa wa Ilyasu. Bai riƙe lambar ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta 'yar fari ba. Mutumin da ya san ƙafar yaran Gumel da na Zamfara, ga shi zaune a gaban tulin tsinke bai san ta 'yarsa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ciniki ya yi ta haukacewa, amma Manniru jikinsa ne kawai a rumfar. Da ya sami sarari sai ya zaro tsinke ya ɗora a tafin hannu, yana roƙon Allah Ya nuna masa. Yaran mutane suna zuwa masa kamar kullum, da kitsonsu da wushiryarsu. In ya ce bari ya kira tasa, sai dai ya ga jaririya tana dafa bango, ko kuwa jar wuta tana tafiya ita kaɗai a kan hanyar gidan kaka, babu kowa a cikin takalmin. Har lasifikar ta gane, don "garabasa" ɗin da yake faɗa ya koma kamar mai cigiya. Wani lebura ya kawo tsinkaye, Manniru ya zura, ya tura yatsa, ya fara, "A bar wa ƙafa wurin girma, Malam, tun ranar da aka karya tsinken nan..." Leburan ya yi ta jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba.

Ana gobe jajibiri Ilyasu ya dawo ɗaukar lodin ƙarshe. Ya zo karɓar takalmi, ya tarar da Manniru yana cusa jajayen nan masu wuta a buhu, tun daga ƙaramar lamba har babba.

"Duk na yarinya ɗaya?" in ji Ilyasu.

"Akwai wuri a gaba?"

"Na kaya?"

"Nawa."

Angela ta dafe kai. "Oga Manniru, ka haukace? Yau da gobe shi ne kasuwa! Ga Kirsimeti yana zuwa! Kuma wannan ja ɗin shi ne kowa yana nema!" Ya cire lasifikar daga wuyansa ya rataya mata, ya ɗora mata makullin rumfa a hannu. Ta dube shi, ta yi tsaki, ta goge ido da bakin zane, ta ce ya tafi kafin ta canza ra'ayi. Har motar ta fita daga tasha yana jiyo muryarta a sama da ta kowa: "Garabasa! Kawo tsinke uku, ka biya biyu! Na auta kyauta ce, abeg ku zo!"

Tun da sassafe suka kama hanya. Ya rungume buhun a cinya, duk ramin da mota ta faɗa sai takalman su yi walƙiya ta cikin buhun, wata tsohuwa a baya ta yi ta a'uziyya. Benaye suka ƙare, duwatsu suka wuce, aka shiga gonakin da aka girbe, ga karan dawa a tsaye, ga raguna a bakin hanya an shafa musu shuɗi a gadon baya. Ya yi ta shirya abin da zai ce wa Turai, ya rushe, ya sake. Game da yarinyar nan kuwa bai shirya komai ba, don a ransa gani yake da ta hango shi za ta sheƙo.

Rana ta karkata lokacin da suka isa Kukar Baƙo. Mazan gari duk suna kasuwar dabbobi, bakin hanya ba kowa sai 'yan mata ƙanana a gindin kuka, an ɗaure musu hannuwa da lalle. Ilyasu ya ce tun ranar da aka karya tsinken, kullum nan Hansatu take zuwa jiran motarsa. Ya sauke shi ya wuce, bai nuna masa wace ce ba, don wa zai yi tunanin sai an nuna?

Manniru ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ya sani. Sai ya yi abin da ya iya, ya sauke ido ƙasa. Ga ta nan, ta biyu daga gefe, yatsan da ke bin babba ya fi shi tsawo, ya ɗan karkace, sak na mahaifiyarsa mai rasuwa. Ƙafar tana cikin silifas ɗin bara, dunduniya ta zarce shi tana taka ƙasa. Ya ɗago kai. Yarinya ce doguwa, ta wuce duk inda hannunsa ya nuna wa Angela.

Ta ga buhu, ta taso, ta durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Malam. Kai ne ka kawo saƙon Babana?"

Ya tsuguna a gabanta, ya kwance bakin buhu. "Kawo ƙafar," ya ce. Ta ɗora masa ita a tafin hannu ba gardama. Ɗumi gare ta, da nauyi, da kaushi a dunduniya, da ɗan tabon tuntuɓe a babban yatsa wanda ba wanda ya taɓa ba shi labarinsa. Ya gwada ɗaya ya yi kaɗan. Ya gwada na gaba ya yi kaɗan. Sai na kusa da ƙarshe ya shiga. Ya tura yatsa a baya, akwai wurin girma.

Ta miƙe ta taka. Wuta ta yi ja. Ta yi ƙara, ƙawayenta suka yi ƙara, ta sake takawa, ta yi tsalle, ta zagaya kukar da hannuwa a sama don kada lalle ya goge. Duk abin da ya gani a rumfarsa ta Utako ga shi a fili, har ya fi. Sai ta tuna tarbiyya, ta dawo ta sake durƙusawa a gabansa tana haki.

"Malam, yaushe za ka koma Abuja?"

Ya sunkuya yana mayar da sauran takalman cikin buhu.

"In ka koma ka ce wa Babana na gode, ya yi mini daidai." Ta waiga ta ga ƙawayenta sun matso, sai ta rage murya. "Kuma ka ce masa Inna ta hana a ƙara tambayarsa. Amma ni ka ce masa ya zo. Ko ba takalmi."

Manniru ya kai hannu ya kama ƙafar nan, takalmin ya yi ja a tsakanin yatsunsa. Hawaye ya sauka a kan igiyar takalmin, yarinyar ta dube shi da mamaki, ba ta taɓa ganin babban mutum yana kuka ba.

"Ya ji, Hansatu," ya ce. "Wallahi ya ji."